Motoci Huɗu da Mai Tallan Nono

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka ce mu tattara mu koma Dutse, ina ma'aikatar gona, ɓangaren lafiyar dabbobi. Muka zo muka tarar garin bai shirya wa zuwanmu ba. Ofishinmu ɗaki biyu ne a wani gini na aro, kuma da yawa daga cikin manyanmu kullum sammako suke yi daga Kano su koma bayan la'asar, saboda gidan haya ya yi wuya. Ni na taki sa'a, wani abokin karatuna ɗan Limawa ya haɗa ni da kawunsa, ya sayar mini da kango mai fili a bakin unguwar. Na yi ɗaki uku, na ɗauko maiɗakina da yaranmu biyu. Filin da ya rage ta yamma kowa ya ɗauka turke zan kafa, tunda an san ni Bafillace ne kuma likitan dabbobi. Sai na kira kafinta ya yi mini doguwar rumfar kwano, aka zuba mata daɓen siminti. Motoci na yi wa.

A wata ruga kusa da Ringim aka haife ni, kuma har na shekara tara ban taɓa shiga mota ba. Ban san daga inda son ya taso ba. Abin da na sani, ina makarantar koyon aikin dabbobi akwai wani malaminmu Bature mai 'yar mota mai ƙofa biyu, idan ya tayar da ita sai in daina jin abin da abokaina suke faɗa. Ban taɓa sha'awar motar manya ba, irin mai faɗin nan da ake hakimcewa a baya direba yana ja. Ƙananan nake so, masu kwanciya a ƙasa, waɗanda don gudu kawai aka ƙera su.

Ta farko a dalilin kare na same ta. Wani injiniya Bature na kamfanin da ke aikin titi yana da kare da kaska ta sa wa zazzaɓi, aka turo shi wurina. Na yi wa karen allura kwana huɗu ya miƙe. A zirga-zirgar nan na ga motar a bayan gidansa an lulluɓe ta da tamfol: ja ce, ƙirar Italiya, rufinta na yadi ana naɗe shi. Da aikinsu ya ƙare zai koma ƙasarsu sai ya aiko a kira ni, ya ce ya lura da irin kallon da nake yi mata, ya fi son ta zauna wurin wanda zai kula da ita. Na tafi ruga na kaɗo shanu daga cikin waɗanda Baffa, mahaifina, ya ware mini tun ina jariri, na kai kasuwa.

Daga nan abin ya zame mini ciwo. Ta biyu ruwan azurfa ce, ƙirar Jamus, injinta a baya yake. Wani dillali ya kawo ta Kano daga Kwatano, ta shekara babu mai taya ta. Ta uku koriya, tsohuwar ƙirar Ingila, a gidan wani Kwara, ɗan Labanan, na tsinto ta kaji suna kwana a ƙarƙashinta, kuma ba ta taɓa yin wata guda cur tana tashi lafiya ba. Ta huɗu ita ce baƙar, ƙirar Japan, fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kamar idon kwaɗo. Duk ta fi su gudu. A lokacin na buɗe shagon maganin dabbobi a kasuwa yana kawo abin da yake kawowa, amma gaskiyar magana, babu wadda ta shigo rumfar nan ba tare da an rage garke ba.

Baffa ya zo Dutse sau ɗaya ya gan su, lokacin suna uku. Ya shiga rumfar da sandarsa, ya zagaya su a hankali kamar yadda yake zagaya sa a kara, kasuwar shanu. Ya tsaya kan jar.

Ya ce, "Mutum nawa take ɗauka?"

Na ce, "Biyu, Baffa."

"Waccan fa?"

"Ita ma biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya nuna ta azurfar da bakin sandarsa, ya ce, "Farar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, wadda kakarka ta ba ka, a wacce take?"

Bai jira amsa ba, ya fita ya nemi buta. Bai sake tayar da maganar ba har ya tafi, ni kuwa da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Maiɗakina 'yar Haɗeja ce, malamar firamare, ita kam ba ta iya irin wannan shirun ba. Takan ce a duk faɗin Limawa ita kaɗai ce matar da mijinta yake da mota huɗu amma ranar awo acaɓa take hawa. Tana da gaskiya. Ofis ma da babur ɗin gwamnati nake zuwa, don motocin ba sa iya lungunanmu. Ko fitar da su daga gida sai na shimfiɗa katako biyu a kan kwata, in gangara a karkace, kada salansa ta daki ƙasa. Ga shekarun nan na wahalar mai. Sai in sayo wurin 'yan bumburutu in tace da ƙyalle sau biyu kafin in zuba. Babu bakaniken da ya san kansu a Dutse, sai wani dattijo da ya yi aiki da Kwarori a Kano, yakan biyo bas duk ƙarshen wata da kayan aikinsa a cikin buhun shinkafa. Mu wuni a rumfar, shi yana ƙarƙashin mota ni ina miƙa masa sifana. Ban taɓa jin wunin ya yi mini tsawo ba.

Ranar Asabar ita ce ranata. Da na karya kumallo sai in zaɓi ɗaya in fitar. In lallaɓa cikin gari yara suna bin bayana, in wuce Shuwarin, in hau titin Kiyawa. Akwai wani miƙaƙƙen wuri da babu rami babu kwana, a nan nake take totur. Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Kujera ta manne maka a baya, bishiyoyi su koma kamar zane ɗaya, kan mutum ya zama fayau babu ofis babu gida. Na yi shekara da shekaru ina haka ban taɓa take ko kaza ba, har na yarda cewa na iya.

Abin ya faru a daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, 'yan makonni bayan bikin. A lokacin duk majalisar da ka zauna zancen ke nan: alƙali, diyya, haddi, wa za a fara da shi. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, titi da ɗan danshi. Dawa ta yi tsawo har bakin kwalta, ta rufe duk 'yan hanyoyin ƙafa da ke ɓullowa daga gonaki. Baƙar na ɗauka. Na isa miƙaƙƙen wurin na sake mata, allurar maleji ta wuce inda na saba tsayar da ita, na ce bari in ƙara kaɗan.

Sai kawai ga mace ta fito daga cikin dawa da ƙwarya a ka, ta sa ƙafa a kan titi. Na ga ta juyo ta dube ni. Na danna birki na karkatar da sitiyari, bayan motar ya kwashe, ta juya da ni sau biyu, ta faɗa gonar da ke ɗaya hannun tana karya kara har ta tsaya. Injin ya mutu. Ban ji ciwo ko'ina ba. Na tura ƙofa da ƙyar na fito.

Abin da na fara gani nono ne, fari fat, ya malale a kan kwalta, ga sakaina warwatse, ga curin fura yana birgima. Matar kuwa ba ta kan titi. Na tsallaka a guje na hango ta a cikin ramin gefen hanya, kwance ta gefe, ba ta motsi. Wata tsohuwa da suke tafe tare ta durƙusa a kanta tana kiranta. Da na matso na ga cikinta. Tsohon ciki ne.

Na yi shekaru ina aiki da jini da mutuwa, na farke ciki na ciro ɗan maraƙi ba sau ɗaya ba, amma a ranar hannuna kasa taɓa ta ya yi. Na tsuguna na yi wa tsohuwar magana da Fillanci, na ce ni ne mai motar, ta bar ni in duba ta. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni da mamaki, jin harshen gida a bakin mutumin da ya fito daga wannan abu. Na kama wuyan hannun matar. Jijiya tana bugawa. Can sai ta buɗe ido, ta kai hannu kan cikinta, ta fara kuka a hankali.

Tsohuwar, wadda daga baya na san surukarta ce, ta ce motar ba ta taɓa ta ba. Baya ta yi tsalle, santsi ya kwashe ta ta faɗa ramin. Jinin da ke ƙafarta sakaina ce ta yanke ta. Na tambaye ta wata nawa, ta ce bakwai.

Kafin wannan lokaci manoma sun fito daga gonaki da fartanyu a kafaɗa, sun kewaye mu. Babu wanda ya taɓa ni, amma na ji wani yana cewa ai wannan shi ne mai tashi sama duk Asabar, sun daɗe suna cewa wata rana sai ya kashe mutum. Ban taɓa sanin suna lura da ni ba. Na ce a taimaka a kai ta asibiti. Wani ya ce to ga motarka can. Na dubi motar a cikin dawa: kujera biyu, a ƙasa, ko mai lafiya sai ya naɗe kafin ya shiga. Muka tsaya a bakin titi muna ɗaga hannu, har Allah ya kawo wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gawayi. Direban ya sauke yaransa daga gaba suka koma kan kaya, aka sa matar da surukarta, ni na haye baya.

A asibitin Dutse wata ungozoma babba, mai furfura a gefen kallabi, ta karɓe ta. Aka ce in jira a baranda. Ta taga ina hangen ungozomar ta kafa wani ɗan abu kamar mazurari a kan cikin, ta kanga kunnenta. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa. Ban san minti nawa aka yi ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya har na koma maimaita ɗaya. Da ta fito ta tambaya wane ne mijin, na ce ba ya nan, ni ne wanda ya jawo abin.

Ta dube ni sama da ƙasa, rigata duk baƙin gawayi. Ta ce, "Zuciyar ɗan tana bugawa, kuma ya motsa a hannuna. Amma faɗuwa ce ta yi mai ƙarfi. Za mu riƙe ta kwana uku mu gani, bayan nan ma ba zan ce maka an tsira ba sai ranar da ta sauka."

Na zame na zauna a ƙasan barandar. Rabin nauyin ya sauka, rabi ya zauna.

Mijin ya iso bayan azahar. Dogon mutum ne siriri, zai girme ni da kaɗan, da malafa da sanda. Ya shiga ya ga matarsa, ya daɗe, sannan ya fito ya same ni. Na riga na je wurin 'yan sanda na ba da bayani, sun ce tunda ba a rasa rai ba kuma motar ba ta taɓa ta ba, mu fara daidaitawa tsakaninmu. A hanyar dawowa na shirya maganganu iri-iri: titi da santsi, dawa ta rufe hanya, ita ma ba ta duba ba. Duk gaskiya ne. Amma da ya zauna kusa da ni a kan benci, sai na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Gudu nake yi. Gudun da bai kamata ba. Ba wani wuri za ni ba, ba kuma sauri nake ba, don jin daɗi kawai nake yi."

Ya juya sandarsa a hannu. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni, na faɗa masa rugarmu da zuriyarmu. Ya ce ya san Baffa, sun taɓa haɗuwa a mashaya shekarar da aka yi fari.

Ya ce, "Wannan ne ciki na huɗu. Ukun farko duk ba su zo da rai ba. Ba zan kai ka ko'ina yanzu ba. Mu jira ta haihu. In Allah ya sauke ta lafiya, babu komai tsakanina da kai. In kuwa aka samu akasi, sai mu je gaban alƙali, abin da shari'a ta ce shi ke nan."

Na ce na yarda.

Washegari aka jawo baƙar daga gona da tarakta, na nemi mai gonar na ba shi haƙuri na biya masa ɓarnar dawarsa. Motar ba ta yi wani rauni ba, bamba ce ta tsage sai fitila ɗaya da ta ƙi rufuwa. Na sa aka tura ta rumfa na ja mata tamfol, na ja wa sauran. Maiɗakina, wadda na zaci za ta wanke ni tas, sai ta shiga madafa. Ta dafa farfesun kaza ta zuba a kwano, ta ce in kai ta asibiti. Kwana ukun nan kullum tana can, har suka saba da matar, duk da ita ba ta jin Fillanci, matar kuma Hausarta ta talla ce.

Na je Ringim in gaya wa Baffa da bakina, na tarar labarin ya riga ni. Yana zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Me ka kai musu?"

Na ce na ɗauki nauyin asibiti, kuma ina niyyar aika musu da buhun gero.

Ya ce, "Kada ka aika. Kai ba likitan shanu ba ne? Suna da shanu. Ka je da ƙafarka, su riƙa ganin fuskarka."

Haka na yi. Asabar ɗin da nake fita da mota ta koma ranar zuwa rugarsu. In ɗaure jakar magani a bayan babur, in bi titin nan dai, in wuce daidai wurin da abin ya faru, inda har yanzu ga gurbin da motar ta yi a cikin dawa, in saki kwalta in shiga burtali. Na yi wa shanunsu rigakafi, na ba maruƙa maganin tsutsa, na yanke wa wani sa ƙahon da ya lanƙwasa yana neman idonsa. Maƙwabtansu suka ji, su ma suka riƙa kawo nasu. Matar takan fito ta gaishe ni daga nesa, ni kuwa ba fuskarta nake duba ba, tafiyarta nake duba, in ga ko tana dafa ƙugu, ko ƙafarta ta kumbura. Duk sati biyu maiɗakina takan ɗauki shatar mota ta je ta ɗauko ta zuwa awon ciki ta mayar da ita.

Na sami wani malami da muke sallah tare a masallacin unguwa na tambaye shi hukuncin wanda ya yi sanadin zubewar ciki ba da gangan ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Na saurara, amma na san ba hukuncin ne yake hana ni cin abinci ba. Da alƙali zai ce in ba da motocin duka huɗu da gidan da suke ciki a kan a tabbatar mini ɗan nan zai zo da rai, da a take zan miƙa makullai. Na rame har a ofis aka fara tambayata ko ciwon suga ne. Bakaniken nan dattijo ya zo ƙarshen wata kamar yadda ya saba, na ba shi abinci ya ci, na ce ya koma sai na neme shi. Ya leƙa rumfar ya ga tamfol, ya ce ko batir ba za mu ɗan tayar ba? Na ce a bar su.

Wata biyu da 'yan kwanaki aka yi a haka. An yanke gero, dawa ta sunkuya. Wata Litinin da hantsi ina ofis ina cike takardun rigakafi, masinja ya leƙo ya ce wani Bafillace yana sallama da ni. Na ɗaga kai na ga malafar a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa ofishina ba.

Ya shigo ya cire takalmi, na nuna masa kujera ya ce ƙasa ta ishe shi, na sauko muka zauna a kan tabarmar sallata. Ya fara gaisuwa. Ya tambayi kwanana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Baffa da shanunsa. Ya tambayi aiki. Ina amsawa ina leƙen fuskarsa, babu abin da na iya karantawa a ciki. Ni ma dole na mayar masa da gaisuwar, na tambayi shanu, ya tsaya ya ba ni labarin san nan da na yanke wa ƙaho, wai ya warke har ya yi ƙiba. Na kasa tambayar abin da nake son tambaya. A al'adarmu namiji ba ya kawo zancen haihuwar matarsa da gaggawa, ni kuma tsoro ya riƙe mini harshe.

Sai da ya sha ruwan da masinja ya kawo, ya ajiye kofin, sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Baƙuwa muka yi shekaranjiya da dare."

Na ce, "Da rai?"

Ya ce, "Da rai. Tana tsotso. Uwar ma ta tashi, jiya har ta fita tsakar gida." Sai a lokacin ya yi murmushi. "Inna ta ce a gaya maka yarinyar da ƙarfin kuka, ta hana kowa sakat."

Na kifa goshina a kan tabarmar nan na daɗe ban ɗago ba. Da na ɗago fuskata jiƙe take, shi kuma ya kawar da kai yana kallon kalandar bango, don kada ya kunyata ni. Na ji yunwa ta taso mini irin wadda na manta da ita. Na aiki masinja ya sayo mana tsire da gurasa, muka ci tare a ƙasan ofis, na cinye nawa na ƙara da rabin nasa.

Na ce lallai sai ya biya gida maiɗakina ta ji daga bakinsa. Na goya shi a babur muka tafi Limawa. Ta dawo daga makaranta ke nan, da ta ji sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fara fito da kayan jarirai na yaranmu. Muna tsaye a tsakar gida sai ya ce yana da roƙo ɗaya. Yana son ya ga motar. Ranar da abin ya faru yana daji, har yau labarinta kawai yake ji, mutanen ƙauyen suna cewa ba ta kai tsayin ɗan maraƙi ba.

Na kai shi rumfa na yaye tamfol ɗin baƙar. Ƙura ta tashi, ga fitilar nan ɗaya a buɗe. Ya zagaya ta, ya dafa rufinta, ya ga iyakarta ƙugunsa. Na buɗe masa ƙofa na ce ya shiga. Ya cire malafa ya miƙo mini da sandar, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar ya zauna, gwiwoyinsa har suna taɓa sitiyari. Ya kalli gaba ta gilashi.

Ya ce, "Daga nan ai ba ka ganin komai. Ko akuya sai ta zo gabanka."

Na ce haka ne.

Fitowa ta gagare shi, sai da na kama hannunsa na jawo shi, muka yi dariya mu biyu. Rabon da in yi dariya tun ranar da abin ya faru.

Ranar suna muka je mu duka, har da Baffa, wanda ya taso daga Ringim da karsana a mota ya ba jaririyar. Bai yi shawara da ni ba, kuma daga nasa garken ya cire ta. Aka miƙo mini yarinyar a cikin zane na riƙe ta, 'yar mitsitsiya, ta damƙe yatsana. Uwar tana daga cikin bukka ta ce a gaya wa likita ta yafe tun tuni, amma ƙwaryarta ta gado ce, sai ya nemo mata mai kama da ita. Maiɗakina ta ɗauki wannan aikin, kasuwa uku ta ci kafin ta samo wadda aka karɓa.

Motocin ban rabu da su a rana ɗaya ba, kuma ba zan ce na daina son su ba. Har yau in na ji ƙarar injin mai kyau sai na juya. Amma na gwada fita da jar sau ɗaya bayan sunan, na isa Shuwarin na ga ƙafata ta ƙi taka totur, duk inuwar da ta motsa a gefen titi sai gabana ya faɗi. Na juyo gida. Bakaniken nan shi ya nemo masu saye. Ta azurfar wani likita a Kaduna ya ɗauka, jar ta koma Kano, koriyar kuwa bakaniken na bar wa, ya zo da motar ja ya tafi da ita yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Baƙar ce ta ƙarshe, ta kusa shekara bayan sauran. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya zo ganinta da abokinsa, an gyara bambar da fitilar. Na gaya masa duk abin da ya faru da ita, ban rage komai ba, ya ce ya ji. Ya ce in shiga in ja shi zuwa bayan gari ya ga iyakar gudunta. Na ce a'a, ga makulli, ya je ya gwada da kansa, amma ya kula da hanyoyin gona. Na shimfiɗa masa katako a kan kwata, na nuna masa yadda zai gangara a karkace. Na tsaya a gindin dabinon ƙofar gida ina jin ƙararta tana nisa har ta ɓace. Abokin nasa ya tambaye ni ko ba na jin ciwon rabuwa da ita. Na ce ya shigo mu ci abinci kafin ɗan kasuwar ya dawo, yau dambu aka yi.